Shafin da Na Yanke da Reza

Ranar Alhamis Clive Tansley ya fara ganin 'yata Bernadette, a shagona na jaridu a garin Hull na Ingila, shekarar 1974. Ya zo sayen Rattle, jaridar waƙa ta mako-mako wadda tawadarta ke baƙanta hannu. Guda ɗaya ta rage, tana hannun Bernadette.

"Ki sayar mini, ko ki karanta mini," ya ce.

"Da wannan gashin har kafaɗa za ka ji kuwa?" ta ce.

Ya yi dariya. Tun ranar yake kiran ta Mai Tawada.

Ni ban yi dariya ba. Makaɗin ganga ne, ba sana'a. Na kore shi. Da ya koma Landan, wasiƙunsa a murhu suka riƙa ƙarewa.

A shafin baya na Rattle mawaƙa ke cigiyar makaɗa. Wata safiya ina kwance ɗaurin jaridu, na ga wannan a wurin:

"Mai Tawada, na samu aiki da ɗaki. Asabar, tashar jirgin ƙasa ta Hull, ƙarfe biyu. In ba ki zo ba, na gane, ba zan ƙara damun ki ba. Clive."

Na ɗauki reza na yanke shafin daga jaridu talatin. Na ce wa Bernadette haka suka zo. Ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba.

A zatona iyakar jaridar shagona. Ashe samarin ƙasar kaf sun karanta. Bayan mako biyu shafin wasiƙu ya cika, daga Glasgow har Cardiff: "Mai Tawada ta je kuwa?" Wani ya rubuto cewa ya ga mai dogon gashi tsaye a tasha awa huɗu cikin ruwan sama.

Bernadette ta shimfiɗa jaridar a gabana.

"Baba, wane saƙo suke nufi?"

Na kasa ɗaga kai. Na jawo aljihun tebur, na miƙa mata shafukan.

"Talatin, Baba? Zama ka yi ka yanke ɗaya bayan ɗaya?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Adireshinsa ni na ƙona shi. Hanya ɗaya ta rage: in ba da saƙo a shafin baya na Rattle. Rubutu yana ba ni wuya, amma ban bar kowa ya taya ni ba:

"Clive, ba ta gani ba. Ni na ɓoye. Ka zo gida. Wilf Ogden, mahaifinta."

Duk Hull ta karanta. Mako guda ban iya haɗa ido da masu saye ba.

Ya zo ran Juma'a, da gashinsa.

"Mista Ogden, in aske?"

"Bar shi. Shiga, tana ciki."

"Mai Tawada," ya ce a hankali.

"Ka makara," ta ce, ta riƙe hannunsa gam.

A watan Yuni aka ɗaura aure. Wurin walima aka ce in yi magana. Na miƙe na ce Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya sa su fi ni gaskiya ga 'ya'yansu. Na zauna. Bernadette ta ɗora hannunta a kan nawa.