Takalmin da Ke Bakin Ƙofa

"Mama, tashi mu fita... don Allah ki tashi!"

Muryar Tae-gyun ce, saurayina, layi biyu a bayana cikin sinima. Ban ma san sun zo ba.

A allo, matar gida ta dawo daga kasuwa. Ta buɗe ƙofa, ta sunkuya za ta cire takalminta, sai ga na namiji, ruwan ƙasa, an jera shi tsaf kusa da silifas ɗin ɗanta. Ta sa hannu a ciki.

Da ɗumi.

Mutum ɗari biyu suka ja numfashi lokaci guda. Sai mahaifiyar Tae-gyun ta ƙwalla ƙara.

"Sang-pil!"

Babu mai wannan sunan a fim ɗin. Ni na rubuta shi, na sani.

Bari in faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Wata takwas kafin nan darakta ya wurgo mini rubutuna a kan tebur.

"Bo-ra, wannan ai fim ɗin ɓarayi ne kawai! Wuƙa, fasa taga, guje-guje... ko kakata ba za ta runtse ido ba. Ina tsoron yake?"

Ni kuwa na san inda tsoron yake. Tae-gyun ne ya ba ni shi wata ranar Lahadi a bakin tekun Busan, muna cin gasasshen kifi. Yana ɗan shekara tara suka dawo daga kasuwa da mahaifiyarsa, suka tarar da takalmin. Ta fisgi hannunsa suka gudu. Kafin 'yan sanda su zo, ba mutum, ba takalmi, ba zobban gwal ɗinta.

"Wanda ya taka mana ɗaki da takalmi, ka san bare ne," ya ce. "Amma wanda ya tsaya ya cire... Bo-ra tawa, ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke."

Na rungume shi ranar. Bayan kwana uku na zauna na rubuta, har da jan zaren da aka ɗinke dunduniyar hagu da shi. Na yi ta ce wa kaina gobe zan gaya masa, goben ba ta zo ba.

A bakin sinima Mi-rae ta tare ni. 'Yar maƙwabtan su Tae-gyun ce, sashen talla take a kamfaninmu, kuma ita Mama ta so ya aura tun farko.

"Kai, Bo-ra, kin iya tsoratarwa!" ta ce tana gyara jaka. "Ni na aika musu tikiti. Na ce ai ya kamata surukarki ta ga ƙwazonki."

Na so in kwaɗa mata mari. To amma ita tikiti kawai ta aika, aikin nawa ne.

Washegari da safe na sayi kwalin tuffa na tafi gidansu. Mama ce ta buɗe, idanunta a kumbure. Na zube a gabanta, goshina a ƙasa.

"Mama, na yi laifi... ba ni da bakin magana."

"Tun ranar da ya kawo ki na ce masa, mai rubutu ba ta jin magana sai ta kai ta kasuwa. Ya ce ke daban ce."

Tae-gyun na tsaye jikin bango, bai dube ni ba.

"Ɗago ki ji abin da kika sayar," ta ce. "Jan zaren nan, ni na ɗinka shi da hannuna. Takalmin ƙanena ne, Sang-pil. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarmu, caca ta cinye shi. Ya shigo yi mini sata, amma tarbiyyar da na ba shi ba ta bar shi ya taka mini ɗaki da takalmi ba."

Wayyo! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na ce wa 'yan sanda ban ga komai ba. Shekara ashirin da biyu ina rufa masa asiri, har ya mutu ɗana bai sani ba. Duk shekara wannan yaron ke kai wa kabarin kawunsa furanni."

Ta miƙe, ta shige ɗaki, ta ja ƙofa a hankali.

Tae-gyun ya raka ni tashar bas. Muna tafe wayata na ta ƙara, darakta ne, wai jaridu sun ce ba a yi fim mai firgitarwa irinsa ba bana. Na kashe ta.

"Masoyina... zan sa a yanke wurin. Na rantse zan roƙe su!"

"A yanke shi daga ina? Daga kan Mama?"

"To ka zage ni! Ka yi mini ihu, ka yi wani abu!"

Ya girgiza kai. Da ma fushi na gani a fuskarsa, da na ji sauƙi.

"Jiya da muka koma gida na yi ta kuka, Bo-ra. Na ɗauko waya zan kira ki, don ke kaɗai nake gaya wa irin wannan." Ya ɗago ya dube ni. "Sai na ji ina tambayar kaina, wannan kuma a wane fim zan gan shi?"

"Tae-gyun..."

"Har yanzu ina son ki. Amma ba zan iya zama gida ɗaya da wadda nake tsoron yi wa magana ba."

Bas ta tsaya. Ya riƙe mini hannu na hau, kamar kullum, sannan ya saki.