Fuskata a Fastar Fim ɗin Tsoro

Na tsaya gaban allon sanarwa na sashenmu a makaranta.

Fuskata ce a jikin fastar. Idanu fari fat, jini na gangarowa ta gefen baki.

Mu uku Malam ya haɗa a aikin fastar fim ɗin tsoro: ni, da ƙawata da muke kira Gimbiya, da Dogo mai zane a kwamfuta. Dogon da ya yi wata biyu yana rako ni bakin titi, ya kasa furta komai...

Shi ya ɗauki hoton a gindin matakala, wai haske yake gwadawa.

To wannan so ne ko cin fuska?

Kafin in isa gida hoton ya riga ni. Na tarar da Mama riƙe da wayar Yayana tana salati.

"Wane ne yake miki fatan mutuwa?"

Na ce aikin makaranta ne, amma ni kaina bakina ya ƙi yarda da maganar. Yaya ya rantse in ya ƙara ganina da yaron sai ya karya masa yatsun zanen.

Kwana uku ban ɗaga wayar Dogo ba. Gimbiya ta ce in fita harkarsa, wai ta ji shi yana dariya da abokansa. Ga Malam kuma ya ba fastar maki mafi yawa a aji. Na rasa kuka zan yi ko murna.

Rana ta huɗu Dogo ya same ni a ɗakin kwamfuta, ya juyo mini da allon. Fasta biyu ce. Ɗaya matakala ce kawai da inuwar hannu, ɗayar kuma ni.

Ya ce ta farkon ya gama don aji. Gimbiya ya ba wa filashin da ya ajiye fastocin a ciki ta kai a buga, tawa kuma ya rubuta mata a kai kada a taɓa.

Sai na tuna ita kaɗai ce a ajin take da lambar Yaya. Ashe ita ta buga tawa, ta kuma tura masa.

"To me ya sa ka zana ni tun farko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Dalili nake nema in yi ta kallonki... Sati guda ina ƙoƙarin munana fuskar nan, ta ƙi. Ki yafe mini, masoyiyata."

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, ga hawaye.

Ranar Asabar ya zo gidanmu da kwamfutarsa, yana gumi. Yaya ya tsare ƙofa. Mama ta saurare shi har ƙarshe, ta tashi ta shige ɗaki.

Ta fito da hoton marigayi Baba, wanda ruwa ya cinye rabin fuskarsa.

"Tunda ka iya ɓatawa, ka iya gyarawa?"

"Zan iya, Mama."

Ta dubi Yaya ta ce ya matsa ya ba yaron kujera.