Muryar da Namadi Ya Baro a Kan Dutse

An gama cin tuwo a gidan Baba Mati, wuta ta ɗauke, yara suka kewaye Yaya Lantana a kan tabarma. 'Yar yayan babansu ce, kuma in za ta ba da labari ba ta ɗaga murya.

"Ku matso," ta ce. "Wannan ba tatsuniya ba ce. Kawu Namadi na Kura ne abin ya faru da shi."

Yana saurayi aka tura shi Japan koyon noman shinkafa. Ba birni aka kai shi ba. Wani ƙauye ne a tsakanin duwatsu, samarin garin duk sun tafi neman aiki, sai tsofaffi. Aka sauke shi a gidan wani dattijo mai suna Tsuneo da matarsa Fumiye. Tsohuwar ta riƙe shi tamkar ɗan cikinta. Tukunyarsa daban, in ya ta da salla ta kashe rediyo. Ya riƙa kiranta Inna, har ta saba tana amsawa.

Mutanen wurin suna da wata al'ada. In an gama girbi, ganyen itatuwa ya rine ya koma ja, sai kowane gida ya hau dutse shan iska. A tafi da curin shinkafa da shayi, a tsinko naman kaza, a wuni a dawo. Kowa yakan ɗaura 'yar ƙararrawa a ƙugu, don namun daji su ji tafiyar mutum su kauce.

Ranar da suka hau, gari ya yi wasai. Su uku ne da karensu. Fumiye ta shimfiɗa tabarma a bakin wani rafi. Nan kusa Namadi ya fara cin karo da naman kaza mai faɗin faifai.

"Inna! Inna, zo ki gani!" ya ce da Hausa, don murna.

Ta zo tana dariya, ta nuna masa wanda ake ci da wanda ke kisa. Tsuneo ya saɓa addarsa, ya ce da shi cikin yarensu, "Kada ka wuce inda za ka daina jin ƙararrawata."

Namadi ya amsa. Amma naman kaza ya yi ta jansa. Ya tsinki wannan, ya hango wancan. Ya haye rafin, ya bi wata tsohuwar hanya da ciyawa ta cinye, karen na biye da shi. Kwando ya kusa cika. Ya yi tari, ya ce da kansa, "Kai, Namadi, yau ka yi sa'a."

Sai ya lura dajin ya yi tsit. Ba tsuntsu. Ba ƙararrawar tsoho.

Karen ya tsaya, gashin bayansa ya miƙe.

A gindin wata bishiya akwai mutum a tsugune, ya ba shi baya, da malafa a ka. Ƙugunsa cike da ƙararrawa, wasu sababbi, wasu sun yi tsatsa. Namadi ya gaishe shi da yaren garin.

Mutumin ya miƙe. Ƙararrawa ko ɗaya ba ta yi ƙara ba. Ya yi tari.

"Kai, Namadi," ya ce, "yau ka yi sa'a."

Hausa ce tsantsa. Kuma muryar Namadi ce, har da tarin.

Namadi ya dubi ƙasa. Mutumin ba takalmi. Yatsun ƙafarsa dogaye ne, sun nutse cikin ƙasa kamar saiwa. Da ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai da ƙasa ta biyo ta.

Karen ya daka tsalle. Abin ya cafe shi a sama, hannu ɗaya a wuya, ɗaya a cinya, ya ja. Namadi ya ji ƙarar ƙashi. Jini mai ɗumi ya fantsamo masa a fuska.

Ya yar da kwando ya zura da gudu. Bai je ko'ina ba aka damƙi idon sawunsa. Aka ja shi rub da ciki a kan duwatsu, haɓarsa na bugun ƙasa, haƙoransa na gaba suka zube. Aka juya shi rigingine. Ƙarƙashin malafar nan babu ido, babu hanci. Baki ne kawai, a buɗe.

Ya yunƙura zai yi a'uziyya, yatsun hannun abin suka riga shi. Suka shiga maƙogwaronsa, sanyi ƙalau, suna lalube kamar mai neman abu a aljihu. Ya ji wani abu ya tsinke a ciki. Sai aka sake shi.

Abin ya juya ya fuskanci rafi.

"Inna!" ya kira. "Inna, zo ki gani!"

Daga ƙasa, can nesa, wata 'yar ƙararrawa ta amsa. Fumiye ce ke hawowa.

Namadi ya buɗe baki zai ce ta gudu. Jini ne kawai ya fito. Ya sake gwadawa. Ko kukan sauro bai yi ba. Ƙararrawar tana matsowa, a hankali, irin tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ya ma ji tana cewa ga ta nan zuwa.

Ya karanta a'uziyyar a zuci. Ya laluba aljihu, ya zaro 'yar wuƙar da yake yankan naman kaza. Ya ja ciki. Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya luma a ƙafar abin har ƙota.

Baƙin ruwa ya yi tsartuwa, yana warin ruɓaɓɓen ganye. Abin ya kurma ihu, ba da murya ɗaya ba. Maza, mata, har da ta jariri, duk daga baki guda. Ya yi ƙwallo da Namadi, haƙarƙarinsa ya karye a jikin bishiya.

Fumiye ta ɓullo daga kwanar hanya, da kofin shayi a hannu. Ta daskare. Hannun abin ya miƙe, ya yi ta tsawo, ya naɗe gashinta, ya fizge ta ƙasa. Yana janta tana kiran sunan mijinta.

Tsuneo ya faso ta cikin ciyawa. Ya sauke adda a kan hannun, ya ƙara, ya ƙara, har ya gutsure kamar ruɓaɓɓen reshe. Ɗaya hannun ya kama nasa, ya murɗe. Yatsun tsohon biyu suka tafi da addar.

Wuƙar Namadi tana nan ta kafe ƙafar abin da ƙasa. Kafin ya tumɓuke ta, tsofaffin nan biyu suka kama Namadi ta hammata, suka gangara da shi, suna faɗuwa suna tashi. Guntun hannun na maƙale a gashin Fumiye har suka faɗa cikin rafi, sannan ya saki, ruwa ya tafi da shi. Abin bai haye ba. Ya tsaya a wancan gaɓar, yana kira.

A asibiti aka ce naman daji ne. Tsofaffin ƙauyen suka zo dubiya, babu wanda ya tambayi irin naman.

Wata safiya Tsuneo ya zauna a bakin gadonsa, hannu a naɗe da bandeji.

"Jiya da la'asar mun ji ka a kan dutse," ya ce. "Kana kiran Inna. Ta san ba kai ba ne. Duk da haka sai da na riƙe ta."

Yaya Lantana ta dubi yaran. Wata daga cikin yaran ta ce, "Yaya, ya warke?"

"Ya warke, ya dawo, ya yi aure. Amma cikinku wa ya taɓa jin Kawu Namadi ya ɗaga murya? Sai raɗa, sai nuni da hannu." Ta gyara mayafinta. "In kun fita yawo da manya, ku tsaya inda ido ke ganinku. Kada wanda ya bi tsohuwar hanya shi kaɗai. In kuma kuka ji na kira ku daga cikin daji, ku fara waiwayawa ku ga ko ina bayanku."