Ranar Da Na Ƙi Yi Wa Bagas Intabiyu

"Kin yi me?!"

Har mutanen teburin kusa da mu sai da suka waiwayo. Bagas, mutumin da ko ƙafarsa ka taka shi zai fara ba ka haƙuri, yau shi ne da ɗaga murya a tsakiyar rumfar masu abinci!

"Na cire sunana," na maimaita, ina juya cokali a cikin shayin da tuni ya huce. "Na je na sami Shu Fen mai kula da ɗaukar ma'aikata, na ce mata na san ka."

"Kin san ni... Haka kawai kika ce?"

"Na ce kai ne wanda zan aura."

Na zata maganar za ta sanyaya masa rai, ina! Sai ma ya ture farantin shinkafarsa gefe.

A kamfaninmu, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fasaha na nan Singapore, duk mai neman aiki sai ya bi ta hannun injiniyoyi biyar, ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ba shi matsala ya warware a kan allo, kowa ya rubuta ra'ayinsa a ɓoye, sannan kwamiti ya yanke hukunci. Kwamfuta ce ke raba sunayen. Kuma cikin ɗaruruwan injiniyoyi, la'ananniyar ba ta ga wanda za ta haɗa da Bagas ba sai ni! Dokar kuwa ko sabon shiga ya san ta: in ka san mai neman aikin, ka faɗa, ka janye.

"Hazirah, ban ce ki yi min maguɗi ba," ya ce. "Ki yi tambayarki kamar yadda kike yi wa kowa. Fuskarki kawai nake so in gani a ɗakin nan. Kin san yadda bakina yake mutuwa."

Na sani mana. Tun da tsohon kamfaninsa ya rage ma'aikata aka sallame shi, wurare nawa ya je? A irin wannan intabiyu ba amsa kaɗai ake nema ba, so ake ka riƙa faɗin abin da kake tunani kana rubutawa. Shi kuwa Bagas sai ya yi gum, ya gama lissafinsa a ka, ya rubuta amsa daidai, a ce masa an gode. Ga izinin zamansa a ƙasar ya kusa ƙarewa. In wannan ta kuɓuce, sai komawa ƙasarsu, can garinsu Surabaya.

"Wa aka sa a madadinki?"

Na sunkuyar da kai. "Raghavan."

"Wanda kika ce min har kuka yake sa mutane?"

"Sau ɗaya ne aka yi kukan..."

Ya miƙe tsaye. "Kin tsare aikinki, kin kyauta. Ni dama baƙo ne."

"Bagas! Masoyina, tsaya ka ji... In aka gano daga baya, mu biyun za a kora!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Wallahi na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da nake jin tausayin nasa.

A jirgin ƙasa na sha kukana, ina kallon taga don kada a gane. Da na isa gida na tarar da Mak, mahaifiyata, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera tana shafa wa gwiwarta man zafi.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mak."

"To beben nan naki ne."

Haka take kiransa. Sau uku yana zuwa gaishe ta, sau uku yana ƙarewa da kallon tabarma. Ta ce ita ba ta san yadda za ta miƙa 'yarta ga mutumin da ba ta san kalar muryarsa ba.

Na zauna a ƙasa na kwashe komai na faɗa mata.

"Idan ya faɗi fa?" ta tambaya.

"Zai koma gida."

"Ke kuma?"

Na dubi gwiwar nan da ta kumbura, na dubi hoton marigayi mahaifina a bango. Ni kaɗai ta haifa. Tun farko ta gaya min, in auri wanda nake so, amma ba za a tsallaka mata teku da ni ba.

"Ina nan tare da ke, Mak. Ina za ni?"

Ta dubi fuskata. Sannan ta ce, "Hmm. Je ki ɗora mana ruwan zafi."

Shi ke nan fa abin da na samu! Ko ɗan lallashi babu.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga da kyau ba. Na kira shi, bai ɗauka ba. Na tura saƙo, sai ya amsa da kalma biyu: "Ina shiri." A ofis jikina ne kawai ke zaune a taro. Har shugaban sashenmu sai da ya tambaye ni ko zan ɗauki hutu.

Ranar intabiyun ban ko taka hawan benen da ake yin sa ba. Da yamma na ci karo da Raghavan a wurin haɗa shayi. Mutumin nan ya san komai, ni kuma doka ta hana ni ko da ɗaga masa gira.

"Hazirah, kin ci abinci?" ya ce.

"Na ci."

"Madalla." Ya ɗauki kofinsa ya wuce, fuskar nan a ɗaure tamau kamar kullum. Kai, da na iya da na shaƙe shi!

Kwamiti kuma ya zauna a kan maganar kamar kaza a kan ƙwai. Sati ya wuce, wani ya kama. Na fara haƙura. Har na fara koya wa kaina yadda zan raka shi filin jirgi ba tare da na zube a gaban mutane ba.

Ranar wata Juma'a kaina ya matsa min da ciwo, na dawo gida da rana tsaka. A bakin ƙofa na ga takalmin namiji. Takalmin da ni na saya da hannuna!

Na tura ƙofa a hankali. Daga kicin wata murya ke tashi, tana zuba ba ƙaƙƙautawa.

"...to abu na farko da na duba shi ne wurin zama. Na yi tunanin mu kama haya kusa da ofis, sai na ga hakan bai yi ba, saboda gwiwarki da zuwa asibiti. Don haka na ajiye wannan. Hanya ta biyu, mu nemi gida a nan unguwar, yadda kullum da yamma..."

"Ban gane ba," in ji Mak. "Sake!"

"To, Mak. Abin da nake nufi, ba zan raba ki da ita ba. Ni ne zan ƙaru a gidan nan, ba ita za ta ragu ba."

Jakata ta suɓuce ta faɗi. Suka juyo tare. Bagas na tsaye da wuƙa da rabin albasa a hannu, idonsa jawur. A jikin firji kuwa an jingina wani ƙaramin farin allo, duk ya sha zane-zanen akwatuna da kibiyoyi.

"Me... me ake yi a nan?"

"Girki," Mak ta ce, ko a jikinta. "Washegarin ranar da kika shigo min da kumburarrun idanu na ɗauki lambarsa a wayarki. Na ce ya zo. Na ce tunda an ce rashin magana ke kayar da shi, to ya zo ya yi min bayanin aikin nasa ina girki. Duk inda ya yi shiru in buga masa ludayi a tukunya."

"Kullum, Hazirah," Bagas ya ce. "Kina fita ina shigowa. Sai na yi bayani rabin awa, ta ce ba ta gane ba, in sake."

"To ai ban gane ɗin ba ne! Har yau ban san me kuke yi a ofishin nan ba."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. "Mak, ke da kika ce..."

"Na san abin da na ce. Na kuma ga fuskarki da kika ce kina nan tare da ni. Zaman wa zai yi daɗi da wannan fuskar?" Ta juya ga tukunyarta da sauri, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Bagas ya ajiye wuƙar ya matso.

"Da safen nan Shu Fen ta kira ni."

Na ƙura masa ido.

"Sun ɗauke ni."

Na sulale na zauna a kan buhun shinkafa. Alhamdulillah! Alhamdulillah! Wani nauyi da na kwana biyu ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina, har na ji iska na shiga inda ta daɗe ba ta shiga ba.

"Raghavan fa?"

"Ana cikin yi ya ɗaga hannu ya ce, 'Malam, ɗan numfasa, ka bar ni ma in yi tambaya.'"

Na fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ya durƙusa a gabana. "Kafin ta gaya min sakamakon, Shu Fen ta tambaye ni ko ina da wani nawa a kamfanin. Na ambaci sunanki. Ta ce ta sani, kin riga kin faɗa, shi ya sa babu abin da zai taɓa takarduna. Da kin biye min, da yau mu biyun muna waje. Ki yafe min, abar ƙaunata. Kunya ce ta hana ni kiranki."

"Kunya ko taurin kai?"

"Duka biyun."

"Kai, yaro, miyata na jiran albasa!" Mak ta ce. "In za ka faɗa ka faɗa, na riga na ba ka."

Ya share ido da bayan hannu, ya manta da albasar da ya yanka, sai hawayen suka ƙaru. A haka ya dube ni.

"Hazirah, ina son ki. Iyayena za su taso daga Surabaya a watan gobe. Za ki aure ni?"

Na dubi Mak. Ta ɗaga ludayinta tana murmushi. Na mayar da idona kansa, na gyara zama a kan buhun.

"Ban gane ba," na ce. "Sake!"