Inda Kausara Ta Sauka

Kausara na tsakar gida tana feraye doya, sai ga Gwaggo Zuwera ta faɗo, ko sallama babu.

"Otal, Kausara? Otal! Jikar fataken goron Salaga?"

Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Tun zamanin kakanni, duk ɗan gidansu da ya je Accra a gidan Alhaji Alidu yake sauka. Ita kuwa da ta je intabiyun aikin nas, ta tarar da gidan cike da dillalan shanu daga Bawku, maza zalla, matar gidan ta yi tafiya. Sai ta kama ɗaki a wani otal kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, ta kulle kanta da littattafanta, hayaniyar 'yan gwanjo na shigowa ta taga.

"Wata mai sarin kaya ta gan ki kina fitowa," in ji Gwaggo. "Magana ta kai Yendi, garin surukanki. Uwar saurayinki Wadud ta ce a mayar musu da goron neman aurensu!"

Hawaye suka zubo wa Kausara. Shekaru take jiran Wadud.

Gwaggo ta rage murya. "Share hawayenki. Ki ce a gidan Alhaji kika sauka, otal ɗin ƙawa kika shiga gaisarwa. Ni ce shaidarki."

"Gwaggo, ban yi abin kunya ba. Don me zan yi ƙarya?"

Ko da Wadud ya kira, shi ma haka. "Pilis, Kausar, ki bi shawarar Gwaggo. Ni na yarda da ke, amma kin san Mma!"

"In na shiga gidanku da ƙarya, da ita zan tsufa," ta ce masa. "Ina son ka, shi ya sa ba zan yi ba."

Washegari ta matsa sai da Gwaggo ta raka ta Yendi. Suka sami Hajiya Barakatu, uwar Wadud, a kan tabarma, fuska a murtuke. Kausara ta durƙusa har ƙasa.

"Ke ce? A ina kika kwana a Accra?"

Gwaggo ta mintsine ta a ɓoye. Kausara ta ɗago kai.

"A otal, Mma. Ni kaɗai. Gidan Alhaji babu mace ko ɗaya, na ga gara ɗaki mai makulli."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe kai.

Hajiya ta dubi yarinyar, ta saki fuska.

"Na kira Alidu da kaina. Ya ce ya gan ki kin juya da jakarki, kunya ta hana shi barci. Otal bai dame ni ba kamar bakin da zai zauna da ɗana. Da kin ce gidansa kika kwana, wallahi da yau an fasa auren nan." Ta juya ga Gwaggo. "Ku riƙe goronku, Zuwera. Ke kuma tashi, 'yata — amma daga yau, ba ke ba otal sai da mijinki!"

Kausara ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana kuka. Gwaggo kuwa ta rasa inda za ta sa idonta.

Bayan babbar Salla aka ɗaura aure. 'Yan'uwana mata, ƙarya ba ta kare soyayya. Ki faɗi gaskiyarki, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah sauran.