Bakin da Ya Saba da Saki

"Wallahi ba zan ba shi ke ba!" Kawu Habibullah ya doka sandarsa a ƙasa. "Mutumin da duk Ɗanzomo aka san shi da sakin mata?"

"Kawu, a fim ne fa," in ji Rakiyya.

"Da bakin wa yake faɗa a fim ɗin? Aro yake yi?"

To, a nan kam Kawu bai yi ƙarya ba. Shekara da shekaru Hudu, saurayin nata, yana fitowa a fim, ba a taɓa ba shi jarumi ba, kullum shi ne mugun miji. Da mata sun hango giɓin nan nasa a talabijin, an fara Allah ya isa ke nan.

A kasuwar Maigatari suka haɗu da Rakiyya. Wata mai tumatir ta gane shi, ta jefe shi da ruɓaɓɓe a kan farar shadda. Ya sunkuya yana gogewa. Rakiyya ta miƙa masa hankicinta. Da ya ɗago ba ta ga mugu ba, gajiyayyen mutum ta gani. Shi ke nan fa, zuciyar 'yar mutane ta tafi.

Kawu ne ya riƙe ta tun rasuwar babanta, ba ta da wani waliyyi. Da ta rame har aka fara tsegumi a bakin rijiya, sai ya sauko, amma da sharaɗi: ko fim, ko ita.

Saƙon Hudu ya shigo da hantsi:

"Rakiyyata, darakta ya kira ni. Yau ne karon farko da za a ba ni mutumin kirki, uban marayu. Na ce a ba wani."

Ta yi kuka har hijabinta ya jiƙe, ta rubuta:

"Masoyina, abin da ka daɗe kana jira ke nan."

"Na fi daɗewa ina jiranki."

Aka ɗaura aure, aka kai amarya Gumel, gidan haya. Hudu ya buɗe rumfar cajin waya, ya daina ko kallon talabijin.

Bayan biki Kawu ya zo ganin ɗaki. Ya sha fura, ya saki fuska, ya ɗaga hannu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da..."

Sai aka kawo wuta. Talabijin ɗin maƙwabciyarsu Lauratu, wadda ba ta san rage murya ba, ya ɗauka da muryar Hudu tar:

"Tattara kayanki ki bar min gida, na sake ki!"

Hudu ya sunkuyar da kai kamar ranar tumatir. Rakiyya ta kamo hannunsa a gaban Kawu, ta riƙe gam.

"Amin, Kawu," in ji ta. "Ƙarasa mana."

Kawu ya dubi hannayen, ya dubi bango. Ya shafa addu'arsa a haka, ya suri sanda ya fice, ya bugo ƙofa.