Wake Mai Gashi

Akwai wani yaro a Gusau da ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna, ƙafarsa na rawa. In aka aike shi, kafin a gama faɗin saƙon ya kai ƙofar gida. Can sai ga shi ya dawo yana haki, yana cewa, "Inna, me ma kika ce in sayo?"

Mahaifinsa direba ne, yana ɗaukar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe. Yakan ce ko motarsa ta fi yaron nan samun hutu.

Amma yaron ba daƙiƙi ba ne. Yana aji ɗaya na babbar sakandare, a ajin kimiyya. Babban burinsa ya zama likitan dabbobi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji wannan zance har ya gaji.

Da aka shiga zango na uku, malamin Bayoloji, Malam Abdulaziz, ya shigo aji da kwano cike da wake. Ya ajiye shi a kan tebur.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Makin wannan zango ɗari ne. Saba'in na jarrabawa ne da gwajin aji. Talatin kuma na wannan waken ne."

Aji ya fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba.

"Idan ruwa ya zauna, kowa zai shuka nasa a gwangwani. Ku riƙa dubawa, kuna zana abin da kuka gani, kuna rubuta bayani. Abin da kuka gani na ce, ba abin da ke cikin littafi ba. Ko shukar ta mutu, ku zana ta a mace, za ku sami maki. Wanda ya kwafa ko ya kawo aikin da ba nasa ba, sifili zai samu. Wanda kuma bai ci rabin talatin ɗin nan ba, ba zai ci gaba a ajin kimiyya ba."

To, yaronmu fa? Farkon maganar ya ji, ƙarshenta ya ji. Tsakiyar kuwa, yana can yana leƙen wani ƙadangare ta taga. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne, wake, maki talatin, da kora daga ajin kimiyya.

Damina ta sauka. Ya samo gwangwanin tumatir, ya huda gindinsa, ya cika shi da ƙasa. Ya binne waken da Malam ya ba shi, ya zuba ruwa. Sai ya tsuguna yana jira, kai ka ce yanzu zai fito.

Washegari da sassafe ya duba. Babu komai. Da ya dawo daga makaranta ya sake dubawa. Babu komai. Zuciyarsa ta kasa kwanciya. Ya sa yatsa ya tone ƙasar, ya ciro waken, ya jujjuya shi, ya mayar.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida, tana kallonsa.

"Kai, mi kaka yi nan?" ta ce.

"Dubawa nake yi, Inna. Malam ya ce mu riƙa dubawa."

"Dubawa da tono ai ba ɗaya ba ne. Ka bar abin nan shi huta."

"To, Inna."

Bakinsa ne kawai ya ce to. Kullum sai ya tone, wani lokaci safe da yamma. Wata rana ya ga ɗan farin abu ya leƙo daga jikin waken. Murna ta kama shi. Garin jujjuyawa, ɗan farin abin ya karye a hannunsa. Ya yi sauri ya mayar da waken, ya danna ƙasa a kai, kamar hakan zai gyara ɓarnar.

Bayan 'yan kwanaki waken ya ruɓe, har yana wari.

A makaranta kowa na labarin shukarsa. Akwai wata yarinya, Bara'atu, 'yar Kucheri ce da ke zaune wurin gwaggonta a Gusau. Ta ce nata har ya yi ganye. Ta juyo ta tambaye shi, "Naka fa?"

"Nawa? Ai ya fi naki tsawo," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba.

Daga ranar hankalinsa ya tashi sosai. Abinci ba ya masa daɗi. Ya shiga ɗaki ya fito, ya fita waje ya dawo. Ya yi tunanin ya je wurin Malam ya faɗi gaskiya, sai ya tuna da abin da ya gaya wa Bara'atu. Kunya ta hana shi. Ya yi tunanin ya sake shuka wani, sai ya ga lokaci ya ƙure. Ƙarshe ya buɗe littafin Bayoloji, ya kwafe hotunan wake ɗaya bayan ɗaya. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Saura shukar da zai nuna, domin Malam ya ce ranar ba da maki kowa ya zo da gwangwaninsa.

Ranar Asabar Inna ta ce za su je Karakkai, can wajen Bunguɗu, su gaida ƙanenta Kawu Tukur. Yaro ya ji kamar an sauke masa kaya. Kawu Tukur manomi ne. Ina za a rasa wake a gonarsa?

Ya saba zuwa Karakkai, amma wurin awaki da shanu yake ƙarewa. Bai taɓa tsayawa a gona ya kalli shuka da kyau ba. A wurinsa, duk ganye kore ganye ne.

Da aka zauna hira, ya zame ya nufi gonar bayan gida. Ya ga layi-layi na ƙananan shuka masu ganye uku-uku. Ya ce a ransa, "Ga wake nan birjik." Ya waiwaya hagu da dama, ya tumɓuke mafi girma, ya cusa a leda, ya ɓoye cikin jakar Inna. Bai tambayi kowa ba.

Da suka koma Gusau ya dasa ta a gwangwaninsa. Ta ɗan yi yaushi, ya yi ta ba ta ruwa har ta miƙe.

Ranar ba da maki ta zo. Aka jera gwangwanaye a gaban aji. Wasu shukarsu doguwa, wasu gajera. Ta wani yaro ma akuya ta cinye rabinta. Malam ya duba zanensa, ya ga ya zana ganyen da guntun da akuya ta bari. Ya yi murmushi, ya ba shi maki mai kyau.

Yaronmu ya yi mamaki.

Da aka zo kansa, Malam ya ɗaga gwangwanin. Ya kalli shukar, ya kalli zanen. Ya shafa ganyen da yatsa.

"Waken da na ba ka ne wannan?"

"Shi ne, Malam."

"Zo ka taɓa ganyen Bara'atu."

Ya taɓa. Sumul yake, har da ɗan sheƙi.

"Yanzu taɓa naka."

Ya taɓa. Sai ya ji wani gashi-gashi mai laushi a ganyen da kuma karan. Wallahi bai taɓa lura da shi ba, ga shi kullum yana ba shukar ruwa.

Bara'atu ta leƙo, ta rufe baki. "Lah, Malam, ai wanga waken suya ne! Irinsa babana ke nomawa."

Duk 'ya'yan manoma da ke ajin suka gane. Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce, "An ba shi wake, ya haifi waken suya!"

"Ya isa," in ji Malam. Aji ya yi tsit.

Yaro ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Idanunsa suka cika da hawaye. Ƙafar nan da ba ta gajiya da motsi, yau ta kasa ɗagawa.

Bayan an tashi, Malam ya kira shi ofis.

"Ina waken da na ba ka?"

"Ya ruɓe, Malam."

"Me ya ruɓar da shi?"

"Ni ne. Kullum ina tonewa in gani ko ya fito. Saiwar ta karye."

"Ka ga saiwar da idonka?"

"Na gani. Fara ce, ƙarama, ta lanƙwasa ƙasa. Fatar waken kuma ta tsage ta gefe."

Malam ya girgiza kai. "Ka ji abin takaici. Abin da ka faɗa yanzu, da shi ka zana, da ka ci maki. Da ka rubuta cewa ka tone, saiwa ta karye, wake ya ruɓe, da na ba ka fiye da rabi. Na faɗa a aji. Ba ka ji ba?"

"Ban ji wurin ba, Malam."

"To, ka ji yanzu. Wannan aikin sifili ne."

Yaro ya fashe da kuka. "Malam, za a fitar da ni daga ajin kimiyya ke nan?"

"Dokar darasina ta ba da damar sake aiki sau ɗaya. Amma komai kyansa, ba zai wuce maki ashirin ba. Kuma sakamakonka zai tsaya sai an dawo hutu. Ka turo mini mahaifinka gobe."

Wannan ya fi komai yi masa nauyi. Baba ya bar lodi a tasha, ya zo makaranta. Ya saurari Malam har ƙarshe. Bai daki yaron ba, bai yi tsawa ba. A hanya ne ya ce, "Ruɓewar wake ba ta dame ni ba. Ƙaryar ita ta ƙona mini rai. Kuma ka shiga gonar kawunka kamar ɓarawo. Ranar Asabar za ka koma Karakkai ka faɗa masa da bakinka."

Haka aka yi. Kawu Tukur ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya ya gyara fuska.

"Da ka tambaye ni, da na ba ka. Kar ka sake ɗaukar abin wani ba izini, ko da ganye ɗaya na."

"Na tuba, Kawu."

"Shi ke nan, ya wuce. Taho in gwada maka wake, kar ka sake ba mu kunya cikin birni."

Kafin a yi hutu, Malam ya ba shi sabon wake, ƙwaya uku. Ya kuma ba shi wata dabara.

"Son gani ba laifi ba ne," ya ce. "Da shi ake kimiyya. Hannunka ne ke ɓarna. Samo gorar ruwa ta roba, wadda ake ganin cikinta. Yanke ta, ka zuba ƙasa, ka sa waken a jikin robar. Za ka ga komai ba sai ka tone ba."

Hutun nan bai yi wa yaron daɗi ba. Abokansa sun karɓi sakamako, shi yana jira. Kullum tunaninsa ɗaya, ko zai koma ajin kimiyya ko ba zai koma ba. Sau da yawa yatsansa ya yi ƙaiƙayin tono. Sai ya tura hannuwansa cikin aljihu, ya tsuguna, ya ƙura wa gorar ido.

Sai ga abin mamaki. Ya ga wake ya kumbura. Ya ga saiwa ta fito ta nufi ƙasa, ta yi 'yan rassa sirara kamar zare. Ya ga kara ya lanƙwasa ya turo ƙasa sama. Ya yi ta kiran Inna ta zo ta gani, har ta ce ya ƙyale ta ta yi aikinta.

Biyu suka fito. Ɗaya ya yi baƙi, ya ƙi tsira. Ya ɗauki fensir, ya ajiye, ya sake ɗauka. Sannan ya zana shi yadda yake, baƙi, a motse. Ya rubuta a ƙasa, "Wannan bai tsira ba. Ina jin ruwa ne ya yi masa yawa, domin ta gefensa nake zubawa."

Ranar da aka koma makaranta, shi ya fara isa ofishin Malam. Zanensa bai kai na littafi kyau ba. Wani ganyen ma ya karkace. Malam ya duba shafi bayan shafi, yana kallon gorar. Yaro na tsaye yana jira.

Malam ya tsaya a kan baƙin waken. Ya karanta bayanin. Ya ɗago kai.

"Wannan naka ne," ya ce. "Ka ci sha takwas. Wuce ajin kimiyya."

Yaro ya yi tsalle har ya kusa ture gorar. Ya yi godiya, ya sake yin godiya. A bakin aji ya haɗu da Bara'atu.

"Ran nan da na ce nawa ya fi naki tsawo, ƙarya na yi," ya ce mata. "Ki yafe ni."

"Ai na sani tun ranar," ta ce tana dariya. "Shigo, an kusa fara darasi."

Da yamma ya kai wa Baba labari. Baba ya dafa kansa, ya ce, "To, me ka koya?"

Yaro ya ce, "In malami na bayani, in saurara har ƙarshe. In na yi kuskure, in faɗi gaskiya tun da wuri. Kuma aikina, ko bai yi kyau ba, ya fi na wani da zan ce nawa ne."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba.

Inna ta ce amin, ta miƙo masa tuwo. Ranar ya cinye tas, har ya nemi ƙari.